Kwamanda Zabura da Harsashi Marar Shuri

Alhaji Abdulsalam mutum ne mai zabura, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Idan ƙofar bas ta yi huci za ta buɗe, sai ya yi tsalle. Idan burodi ya fito daga na'urar gashi, sai ya dafe bango. Ranar da aka fasa balam-balam a wajen wani suna a Gorton, wata unguwa a Manchester, a ƙarƙashin tebur aka same shi, da kofin kunu a hannu, ko ɗigo bai zubar ba. Da wani ne da ya ji kunya. Shi kuwa Alhaji rarrafowa ya yi ya fito, ya gyara hula, ya ce wa jama'a su lura da kyau, abin da suka gani shi ake kira horo.

"Jikin da ya saba da filin daga ba ya jiran ƙwaƙwalwa," in ji shi. "Ku farar hula sai kun tsaya kun yi tunani. Ni kafin ƙara ta gama fita na riga na ɗauki position."

Saboda wannan baiwa maza suke kiransa Kwamanda, mata kuma suka ƙara masa Zabura. Sunan farko yana amsa shi da hannu biyu. Na biyun ma ya san da shi, ya ce hassada ce irin ta waɗanda ba su taɓa jin ƙamshin albarushi ba.

Dole a faɗi gaskiya game da babban mutum irin wannan. Shekara goma sha takwas ya yi a barikin 'yan sanda a Kaduna, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi minti biyar ya ji wannan lissafi. Abin da ba ya kawowa sai an matsa masa shi ne inda ya yi shekarun. A shagon tela ya yi su, daura da ƙofar shiga. Shi ke ɗinka kaki, shi ke rage wando idan kurtu ya rame, ya ƙara idan sufeto ya yi tumbi. Shi ne kuma ke ɗinka kuben da manya ke rataya ƙaramar bindiga a ƙugu. Babu bindigar da bai san faɗinta da tsawonta ba, domin duk ya auna su da tef. A hannun masu su ya auna su, yana tsaye daga gefe.

Yanzu yana gadin wani sito na jakunkunan mata da rigunan waya a unguwar Cheetham Hill, nan Manchester. Aikinsa ya ɗaga sandar ƙofa idan mota ta zo, ya sauke idan ta wuce. Yana kiran wannan aiki harkar tsaro, kuma ba ya son a yi masa tambaya a kai, wai akwai abubuwan da bai kamata farar hula su sani ba.

A ƙasar nan doka ba ta bar mutum ya ajiye ƙaramar bindiga a gida ba. Babu wanda wannan doka ta yi wa rana kamar Alhaji. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da mu harbi da baki, a wajen suna, a wajen ta'aziyya, a layin sayen naman halal, kuma ba a taɓa samun wanda zai ce masa ga ta nan, gwada mana ba.

Da haka zai ƙare rayuwarsa cikin daraja, ba don masa ba, wato wainar shinkafa.

Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, Musulmi da Kirista, ta haɗa mutanen Manchester da na Birmingham. Kowace shekara a watan Agusta ana yin wasanni irin na makaranta a gida: tseren buhu, tseren ƙwai a cokali, jan igiya, tseren iyaye maza. Tun farko aka kafa ƙa'ida cewa mai tashin tsere shi zai nemo fili, shi zai ja layi da farin fenti, don haka a garinsa ake wasan. Shekara tara mai tashin tsere mutum ɗaya ne, Baba Dalyop, tsohon malamin motsa jiki daga Bukuru, wanda ke zaune a Sparkhill, cikin Birmingham. Kayan aikinsa katako biyu ne da aka haɗa da ƙarfen ƙofa. Ya buga su, a zura da gudu. Bai taɓa yin jawabi ba, bai taɓa yin kuskure ba.

Shekara tara ke nan matan Manchester suna tashi tun kafin asuba su soya masa, su zuba a kula, su ɗora a doguwar mota, su zauna awa biyu a hanya da tukunyar miyar taushe tsakanin ƙafafu. Masa ta isa Birmingham ta yi gumi, ta yi sanyi, ta manne da 'yar'uwarta. Matan Birmingham kuwa su fito da tasu daga kicin da zafinta, su ɗanɗana tamu, su ce, "Sannunku da ƙoƙari. Hanya ce."

Hajiya Kubura ce shugabar masu girkinmu. Shekararta sittin da uku, tana aikin kula da tsofaffi, bayanta yana ciwo, kuma wannan "hanya ce" ta tsaya mata a wuya tun shekara ta biyu. Ta zauna ta yi nazari. Muddin Baba Dalyop ke buga katako, masa za ta ci gaba da tafiya Birmingham. Ana bukatar mai tashin tsere ɗan Manchester. Mutanen kirki duk suna jin nauyin tsohon, ba wanda zai nemi kujerarsa. Mutum ɗaya ne a garin da ba ya jin nauyin kowa idan akwai jar hular mai tashin tsere da kujera a babban tebur.

Ta same shi bayan sallar Juma'a, ta gaishe shi har da rusunawa, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Kwamanda, ni dai abin yana damuna. A ce kana raye, kana garin nan, ana tashin tsere da katako?"

Alhaji ya dubi nesa kamar mai tuno abokan da suka faɗi a fagen fama.

"Hajiya, kin taɓo inda yake min ciwo. Na yi shiru ne don zaman lafiya."

Ba wai Hajiya Kubura ba ta san da ƙarƙashin tebur ba. Tana wurin, ita ta dama kunun. Amma ta ce a ranta, harbi ɗaya ne. Ko akuya aka ɗaura wa bindiga a ƙafa za ta iya harbi ɗaya.

A taron watan Yuni, a wani zaure da ake haya a Gorton, Kwamanda ya miƙe ya yi minti arba'in. Ya ce a duk duniya, daga gasar ƙasashe har zuwa makarantar firamare ta ƙauyensu, da bindiga ake tashin tsere. Ya ce Turawan da ke wucewa da karnukansu suna ganin dattijo yana tafa katako, me za su ɗauke mu? Ya ce 'ya'yanmu da aka haifa a nan suna tasowa ba su san discipline ba, kuma daga katako abin ya fara. Ya ce shi ba don kansa yake magana ba, ya riga ya ga duk abin da ake gani a duniya.

Baba Dalyop ya saurara har ƙarshe yana murza gwiwarsa.

"Alhaji, ni ma na gaji da jan layi," ya ce. "Bana an riga an kama fili a wajenmu. Ka zo da bindigarka ka tashi tseren farko. In mutane sun bar layi tare, sun isa ƙarshe lafiya, hula taka ce, baɗi mu ne za mu hau mota. In abin ya watse, a bar ni da katakona har Ubangiji ya kira ni, kar a sake tada maganar."

Aka sa a rubuce. Matan Manchester suka yi guɗa a hankali, don zauren na haya ne.

Sakatariyar ƙungiya, Nanret, ma'aikaciyar jinya ce mai son komai a kan tsari. Ita ta bincika ta gano cewa akwai bindigar tashin tsere da ake sayarwa a shagon kayan wasanni. Ƙarama ce, an yi mata fenti ruwan lemo don kar a ɗauke ta ta gaske, bakinta a toshe, harsashinta ba shi da kai, ƙara kawai yake yi da ɗan hayaƙi. Ta rubuta wa makarantar da ke ba mu fili, ta sanar da 'yan sanda, kowa ya amince. A ganinta magana ta ƙare, saura a je a saya.

A nan ne Kwamanda ya nuna mana bambancin ƙwararre da ɗan koyo. Ya turo saƙon murya a dandalin ƙungiya na waya, minti goma sha bakwai.

"Jama'a, assalamu alaikum. Na ji ana cewa a je a saya, kamar tumatir. Bindiga ba ita ce matsala ba. Harsashi shi ne matsala. Babbar bindiga tana da nauyin da zai shanye shurin idan ta tashi. Ƙarama ba ta da wannan nauyi, a wuyan hannunka take sauke fushinta. Na ga sufeto guda, ƙato, ya harba ƙaramar bindiga da harsashin da bai dace ba, wata uku matarsa ce ke ba shi tuwo a baki. So, ba za mu yi gaggawa ba. Sai an zaɓi harsashi marar shuri. Wannan technical matter ne, ina roƙon mata su yi haƙuri su bar mana."

Maganar nauyi da shuri gaskiya ce, ya ji ta a bakin masu ita yana auna musu ƙugu. Abin da bai faɗa ba shi ne, ta shafi bindigar da ke fitar da wani abu ne kawai.

Ya kafa Kwamitin Tantance Harsashi. Shi ne shugaba, shi ne mai ba shugaba shawara. Sauran 'yan kwamitin mutum biyu ne da suka shiga don an ce za a sha shayi. Sati uku saƙonni suna sauka, da safe ɗaya, da yamma ɗaya. Ya yi bayani a kan tsayuwa, ƙafar hagu gaba, ta dama baya. Ya yi bayani a kan numfashi. Ya yi bayani a kan iskar Birmingham, wadda ya ce ta fi ta Manchester nauyi saboda garin yana kan tudu. Ya je wajen GP a duba masa wuyan hannu ko zai ɗauki aikin. Likita ta duba, ta ce hannu lafiya lau, amma ya rage gishiri. Ya dawo ya sanar cewa hukumar lafiya ta tantance shi.

Ranar sayayya Hajiya Kubura ta ce sai ta bi su, don ta fara zargin akwai matsala. Suka tafi su uku da Nanret. Mai shagon wata Baturiya ce mai furfura, tana cin biskit. Kwamanda ya jingina da kantar shagon, ya rage murya, ya yi mata Turanci irin na manyan hafsoshi. Ya ce yana neman harsashi mafi ƙarancin shuri, don aiki na musamman, a fili buɗaɗɗe, cikin jama'a.

Matar ta ɗauko gwangwani biyu ƙanana, irin na man leɓe, ta ajiye. Ta ce wannan yana da ƙara, wannan kuma bai kai shi ƙara ba. Ta ce babu mai shuri a cikinsu, tunda babu abin da ke fita. Ta ce yayarta mai shekara saba'in da shi take tashin tseren yara a makarantar unguwarsu.

Kwamanda ya juyo ya fassara wa matan, duk da cewa Nanret ta shekara ashirin tana aiki da Turanci, Hajiya Kubura kuma da shi take rarrashin tsofaffinta.

"Ta ce akwai mai nauyi, akwai na ƙwararru. Ta gane ni da gani."

"Alhaji, cewa ta yi yayarta..." in ji Nanret.

"Yayarta tsohuwar soja ce. Ba a faɗin irin wannan a fili."

Ya zaɓi mai ƙaramar ƙara. Ya tambaya ko akwai wanda ya fi shi ƙanƙanta. Matar ta ce daga wannan sai tafi da hannu. Ta ce akwai fili a bayan shago, in yana so ya gwada ɗaya ya ji. Kwamanda ya yi murmushin tausayi, ya ce a gaya mata wanda ya shekara goma sha takwas a bariki ba ya gwaji. Ta kawo abin toshe kunne, irin mai kama da kwano biyu. Ya ce zai ɓata zaman hula.

A hanyar dawowa Hajiya Kubura ta ajiye rusunawa gefe.

"Alhaji, don girman Allah ka harba ɗaya a bayan gidanka. Ɗaya tak. Ni zan tsaya kusa da kai."

"Hajiya, harsashi hamsin ne a gwangwanin nan, kowanne amana ne."

"To ka ba ni in harba, kai ka saurara."

"Mace da bindiga? A Gorton?"

"Bayana ne ke ciwo, Alhaji, ba naka ba. In ka kunyata mu, ni da kai ne."

"Ki je ki jiƙa shinkafarki," ya ce. "Wannan ce masa ta ƙarshe da za ta hau mota."

Sati biyu bindigar tana cikin akwati a saman kabad ɗinsa. Matarsa ta ce kullum yana saukowa da ita, ya goge, ya auna, ya mayar. A nan ya ɗinka wa bindigar kube na baƙar fata mai zare ja. Ba za a ci amanarsa ba, kuben ya yi kyau ƙwarai. Duk wanda ya gan shi ya san hannun gwani ne.

Ranar wasa muka isa Sparkhill ƙarfe goma sha ɗaya, masa ta yi guminta kamar kullum. Kwamanda ya sauko daga mota a ƙarshe, don a gan shi. Ya sa kaki mai aljihu shida wanda ya ɗinka da kansa, da baƙin tabarau, da jar hular da aka ba shi aro na yini ɗaya, bindiga ruwan lemo tana leƙowa daga ƙugu. Ya zagaya filin sau biyu hannu a baya. Ya sa aka matsar da teburin abinci taku goma, wai yana cikin layin wuta.

A al'adarmu tseren iyaye maza ake fara yi, na waɗanda suka haura hamsin, don su gama su zauna su ci abinci. Mutum takwas suka jeru, huɗu namu, huɗu nasu. Akwai direbobin tasi uku, akwai mai gadi, akwai wani malamin jami'a, akwai dattijon coci. Duk cikinsu babu wanda ya ga yatsun ƙafarsa a tsaye cikin shekara goma. Baba Dalyop kan bar su su tashi daga tsaye. Kwamanda ya ce wannan ba tsari ba ne, kowa ya durƙusa ya dafa ƙasa kamar yadda ake yi a duniya.

Suka durƙusa da ƙyar, ana jin gwiwoyi suna ƙara. Sai ya fara jawabi. Ya yi bayanin dokar tashi: ƙara ɗaya, a gudu; in aka ji ta biyu, an yi satar tashi ke nan, kowa ya tsaya ya dawo. Ya gargaɗi mata masu ciki da masu hawan jini su ja baya. Ya ce duk abin da aka gani ya faru da hannunsa, kar kowa ya taso, ya saba.

Ya zare bindiga, ya ɗaga sama. Ya sa ƙafar hagu gaba, ta dama baya.

"On your marks."

Dattawan suka gyara durƙuso.

"Set."

Dattawa takwas suka ɗaga ƙugu sama. Kwamanda ya cusa kansa cikin kafaɗa, ya karkatar da fuska gefe, ya miƙe hannun nesa da jikinsa kamar mai riƙe da mataccen ɓera. Tabarau ya rufe idonsa, amma bakinsa kowa ya gani, ya yage har dasashi. Aka jira. Wata tattabara ta sauka a layi na uku, ta yi kiwo, ta tashi.

Malam Ɗan'azumi, direban tasi ɗan Manchester mai ciwon gwiwa, ya yi magana kansa a ƙasa.

"Kwamanda, ka harba ko mu zauna."

Kwamanda ya sauke hannu. Ya ce iska ta juya. Ya tsinki ciyawa ya watsa sama, ya duba inda ta faɗi, ya gyaɗa kai. Aka sake durƙusawa.

"Set."

Wannan karon an fi daɗewa. Dattijon coci ya fara addu'a a bayyane. Kwamanda ya sake saukewa, ya buɗe bindigar, ya ciro harsashin, ya ɗaga shi a rana, ya ce yana zargin an cakuɗa masa da mai nauyi. Ya canza wani daga gwangwanin, wanda ba shi da bambanci da na farko ko a wajen uwar da ta haife su.

"Alhaji, mun bar motoci a meter, kuɗin ajiye mota yana ƙaruwa," in ji wani daga layi.

"Wanda ba zai iya jiran umarni ba ya fita," in ji Kwamanda.

Daga teburin abinci wata 'yar Birmingham ta ɗauki masa ɗaya daga kular Hajiya Kubura, ta latsa da yatsa, ta ce, "Hajiya, baɗi ku riƙa sa tawul a ƙasa, yana rage gumin."

A can fili an ce "Set" karo na uku. Hajiya Kubura ta dubi matar, ta dubi Kwamanda da ke tsaye ya yage baki, yatsansa ko kusa da kunamar bindigar bai je ba. Ta kama murfin kular da hannu biyu ta maka shi.

Kular babba ce, ta biki. Ƙarar ta ratsa filin.

"Wayyo Inna!" in ji Kwamanda, ya watsa ƙafafu sama ya tafi ƙasa da baya.

Mutum biyar suka zura da gudu, don sun ji ƙara. Uku suka tsaya, don sun ga ba hayaƙi. Kwamanda ya dira a kan ciyawa, gwiwar hannunsa ta bugi ƙasa, sai a lokacin bindigar ta tashi. Ƙararta ba ta fi ta karya tsinken tsire ba. Biyar ɗin da ke gaba suka ji ƙara ta biyu, suka tuna doka, suka ja birki suka juyo. Ukun da ke baya suka ga hayaƙi, suka taso da duk ƙarfin da Allah ya bar musu, kai a sunkuye. A taku na goma sha biyu aka haɗu.

Ba a taɓa tara dattawa wuri ɗaya haka ba tun da aka kafa ƙungiya. Malam Ɗan'azumi yana ƙasa, dattijon coci yana kansa, malamin jami'a yana neman tabaransa a cikin rigar wani. Allah ya taimaka rabin matan ƙungiyar aikin jinya suke yi. Nanret ta naɗe zane ta shiga raba su, tana kiran a kawo ƙanƙara. Aka kwashe ƙanƙarar da ke sanyaya lemo. Babu wanda ya karye, amma babu wanda ya isa ƙarshen layi, kuma abin da aka rubuta a Gorton ke nan.

Kwamanda yana kwance ba wanda ya taso, tunda shi ya ce kar a taso. Da ya ga haka ya tashi da kansa, ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu, ya nufi babban tebur yana ɗingishi.

"Kun gani da idonku," ya ce. "Abin da nake faɗa sati uku ke nan. Matar nan ta ba ni mai nauyi. Da wani ne ya riƙe ta, da yanzu ana neman hannunsa a Stratford Road."

Baba Dalyop ya ce masa sannu, ya karɓi jar hula ya kaɗe mata ciyawa, ya tafi motarsa ya buɗe but. Ashe ya zo da katakonsa. Aka yi sauran wasanni goma sha ɗaya ba tare da wani labari ba.

A motar dawowa Kwamanda ya zauna a gaba, an ɗaure masa hannu da ɗankwalin matarsa. Hajiya Kubura tana baya da kula tsakanin ƙafafu. Da wata ta ce mata ai ita ta buga murfin, sai ta ce ta sani, kuma da za a mayar da ita wurin, a kan Kwamanda za ta buga shi. Daga nan ta tambayi wa ke da tsohon tawul babba, a ajiye mata na baɗi.

Kwana biyu maganar shuri tana tafiya, har wasu maza suka fara cewa ƙaramar bindiga ba abin wasa ba ce. Ran na uku Radiyya, ɗalibar da ke karatun digiri na uku, wadda aka sa ɗaukar hoton wasanni, ta turo bidiyon a dandali ba tare da ta ce komai ba. A ciki ana jin murfin kula. Ana jin Kwamanda yana kiran mahaifiyarsa, wadda ta rasu shekara talatin da suka wuce. Ana ganinsa a iska, ana ganinsa a ƙasa. Sai bayan ya gama sauka ake jin ɗan tas. Kafin la'asar bidiyon ya isa Kaduna.

Da yamma saƙon murya ya sauka. Shi ne mafi gajarta da ya taɓa turowa.

"Jama'a, assalamu alaikum. Na ga abin da ke yawo. Ba zan hana kowa turawa ba, darasi ne ga matasa su ga yadda ƙwararre ke faɗuwa ba tare da ya saki makami ba. Abu ɗaya nake roƙo, don zumunci da darajar iyali. Duk wanda zai tura, ya cire sautin."